Nutso da silindar iska cikin tsofaffin ramukan ma'adinai: yadda abin yake da inda haɗarin yake

Akwai bidiyoyin da ke yawo a Facebook da TikTok, za ka ga mutum sanye da baƙaƙen kaya, silinda goye a bayanshi, shina shawagi ƙarƙashin ruwa kusa da wata tsohuwar bas ko gaban jirgin sama, ruwan garau kamar ba ruwa ba. Mafi yawan masu sharhi cewa suke teku ne. To da yawa daga cikinsu ba teku ba ne, ruwan daɗi ne, kuma ramuka ne da mutane sunka haƙa da hannunsu don fasa dutse ko ɗibar ma'adini, da aiki ya ƙare anka watse, ruwa ya cika wurin. Turawa sun maida irin ramukan ga makarantun koyon nutso da wuraren shaƙatawa, mu kuwa namu suna nan ba shinge ba mai gadi, duk damina sai an ji sun ci yaro. Shi ya sa nake ganin ya kamata mu fahimci yadda abin yake, don maganar ta shafe mu fiye da yadda muke zato.

Farko dai, mi ke kawo ruwan? Duk ramin da anka haƙa ya wuce matakin ruwan ƙarƙashin ƙasa, ruwa zai riƙa tsattsafowa ciki, wanda ya taɓa ganin ana ginar rijiya ya san haka. Lokacin da kamfani ke aiki, injinan famfo ne ke zuƙe ruwan dare da rana. Ranar da anka kashe injin, shi ke nan, ruwa ya fara hawa a hankali, ga na ƙasa ga na sama, cikin 'yan shekaru rami ya zama tafki. A Jamus akwai wani gari Hemmoor, an daɗe ana haƙar alli can don yin siminti, a 1976 anka daina, yau ramin tafki ne mai zurfin kusan mita 60 kuma masu nutso daga ƙasashen Turai da dama can suke zuwa. A Ingila akwai Stoney Cove, dutse anka fasa can har zuwa 1958, zurfinshi kusan mita 35, kuma da gangan anka riƙa jefa abubuwa ciki don masu koyo su samu abin kallo, bas, jirgi mai saukar ungulu, har da wani jirgin ruwa mai suna Stanegarth da anka nutsar a 2000. A jihar Missouri ta Amurka kuma akwai mahaƙar dalma ta Bonne Terre da anka rufe a 1962, ita ba buɗaɗɗen rami ba ce, ƙarƙashin ƙasa take, an sa mata fitilu, ana shiga da ɗan jagora a ga kayan aikin da leburori sunka bari.

Mu ma muna da irinsu. Jos cike take da ramukan kuza da Turawan mulkin mallaka sunka fara haƙa tun farkon shekarun 1900, ɗaruruwa ne, wurin shaƙatawar nan na Rayfield ma asalinshi ramin kuza ne. A Abuja akwai ramin fasa dutse na Mpape da matasa sunka yi ta tururuwar ɗaukar hoto a 2020. Nan Sakkwato kowa ya san tun shekarun 1960 ake haƙar dutsen siminti wajen Kalambaina, ga kuma ramukan da masu aikin hanya ke ɗibar jar ƙasa su bari a bakin titi, ga kududdufan da anka ɗebi ƙasar gini. Ba duka ne ke da zurfin da za a yi maganar silinda ba, amma halinsu ɗaya ne: baki a tsaye kamar bango, ba gangare. Gulbi in ka shiga, ruwa daga idon sawu yake farawa ya kai gwiwa ya kai ƙugu, kana da damar ka ce a'a ka juya. Rami taku ɗaya ne tsakanin ruwan gwiwa da ruwan da ya fi tsawon bene.

Yanzu ga inda nake so a tsaya a saurara da kyau. Mu mutanen yankin ga mun iya ruwa, wanga ba abin gardama ba ne. Wanda ya taɓa zuwa Argungu ya ga abin da Kabawa da Sarkawa ke yi cikin Matan Fada, bikin da anka fara tun 1934, ya san akwai gwanayen da za su nutse su daɗe har ka fara salati. Amma duk gwanintar nan a kan abu ɗaya take, riƙe numfashi. Shi kuwa nutso da silinda dokarshi ta farko ita ce kada ka kuskura ka riƙe numfashi, ko na ɗan lokaci, musamman in kana hawowa. Wato abin da ya sa masunci ya zama gwani shi ne ainihin abin da zai iya kashe shi ranar da anka goya mishi silinda ba tare da horo ba.

Dalili lissafi ne mai sauƙi. A bakin ruwa iskar duniya na danna mu da nauyin da ake kira bar 1. Duk mita 10 da ka sauka, ruwa na ƙara bar 1. A mita 10 kana ƙarƙashin bar 2, a mita 20 bar 3, a mita 30 bar 4. Iska kuwa in an danna ta takurewa take, a mita 10 ta koma rabin girmanta, a mita 30 ta koma kashi ɗaya cikin huɗu. Masunci da ya ja numfashi a sama ya nutse, iskar huhunshi ta takure, da ya hawo ta koma yadda take, ba abin da ya ƙaru. Mai silinda kuwa can ƙasa yake cika huhunshi, kuma na'urar da ke bakinshi, regileta, tana ba shi iska daidai da matsin wurin da yake. In ya cika huhu a mita 10 ya rufe baki ya taso, iskar nan za ta ninka biyu kafin ya iso sama, huhu kuwa ba ya da wurin ajiye ta, sai ya yage, kumfar iska ta shiga jini ta tafi ƙwaƙwalwa. Ba sai an yi zurfi ba ma, hawowar mita ɗaya da 'yan kai da cikakken huhu a rufe ta isa ta yi ɓarna. Wanga abu shi ya sa nake jin tsoro ƙwarai in na ji wani na cewa a sayo wa masunta silinda a raba musu don aikin ceto. Niyyar mai kyau ce, amma kaya ba horo kisa ne.

Ita na'urar, wasu Faransawa biyu ne, Jacques Cousteau da Émile Gagnan, sunka haɗa ta a 1943, kuma har yau tsarin bai canza sosai ba. Abin da ke cikin silindar ba oksijin zalla ba ne kamar yadda mutane ke cewa, iskar nan ce da muke shaƙa anka tace anka matse, kashi 21 cikin ɗari oksijin, kashi 78 naitirojin. Oksijin zalla in an yi zurfi da shi guba ne, shina sa mutum jijjiga cikin ruwa. Silinda mai lita 12 da anka cika zuwa bar 200 tana ɗauke da lita 2,400 na iska. A ce mutum na shaƙar lita 20 a minti ɗaya, a sama za ta kai shi awa biyu, amma a mita 30 kowane numfashi ninki huɗu yake ci, minti 30 ta ƙare ƙaf, kuma wannan in hankalinshi kwance yake. In ya tsorata ya fara haki, rabin haka ma ba za ta kai ba.

Sai kuma maganar cika silindar, wadda a wurinmu ita ce za ta fi saurin jawo masifa. Ba injin mai faci ake cika ta da shi ba. Kwamfuresa ce ta musamman mai matatai da ke cire mai da danshi, kuma dole bakin da take zuƙar iska ya yi nesa da hayaƙin janareto. In hayaƙin ya shiga, gubar da ke kashe iyali cikin ɗaki in an kwana da janareto ita ce mutum zai shaƙa a ƙarƙashin ruwa, ba wari ba ɗanɗano, sai dai kawai ya sume.

Naitirojin ɗin nan da ba ruwanmu da shi a sama, a ƙasa shi ne babban abokin gaba, kuma ta hanya biyu. Ta farko, daga wajen mita 30 shina bugar da mutum, tunani ya yi nauyi, ya duba agogon iska ya kasa gane abin da ya gani, wani ma ya ji daɗi ya ci gaba da sauka. Ta biyu ta fi muni. Duk lokacin da kake ƙasa, naitirojin na narkewa cikin jini da tsoka saboda matsi. In ka hawo a hankali, shina fita ta numfashi ba matsala. In ka hawo da gaggawa, abin da ke faruwa da kwalbar lemu da anka girgiza anka buɗe farat ɗaya shi zai faru cikin jikinka, kumfa ta taso a gaɓoɓi, a lakar ƙashin baya, a ƙwaƙwalwa. Daga ciwon gwiwa da kafaɗa har shanyewar ƙafafu har mutuwa. Wani masani ɗan Birtaniya, John Scott Haldane, shi ya fara tsara jadawalin hawowa daki-daki a 1908 don sojojin ruwa, yau kuma ƙaramar kwamfuta ce ake ɗaurawa a hannu tana yi maka lissafin. A mita 18 kana da kusan minti 55 kafin ka shiga matsala, a mita 30 kusan minti 20 kacal. Ana hawowa a hankali, kamar mita 9 ko 10 a minti, a tsaya minti 3 a mita 5. Mai takardar shaidar koyon nutso ta matakin farko ba a yarda ya wuce mita 18 ba, iyakar nutson shaƙatawa gaba ɗaya mita 40. Bayan an fito kuma ba a hawa jirgin sama sai an yi awa 12 zuwa 18. Kuma ga wani abu da ya shafi Jos kai tsaye, garin na kan tudu kusan mita 1,200 sama da teku, iskar can ta fi sauƙi, don haka jadawalin da anka yi don bakin teku ba ya aiki sai an gyara lissafi. Wanda ya koyo nutso a Legas ya zo ramin kuza da lissafin Legas ya ɗauko wa kanshi haɗari.

To duk wannan gaskiya ne ko a teku ko a tafki. Mi ya bambanta rami? Mutane na ganin rami ya fi sauƙi tunda ba igiyar ruwa, ba guguwa, ba manyan kifaye, kuma haka ne, shi ya sa makarantu ke son shi. Amma kwanciyar ruwan ita ce tarkon.

Ruwan da ba ya gudu hawa-hawa yake zama. Rana ta gasa na sama ya yi ɗumi, na ƙasa ya tsaya da sanyinshi, ba su gauraya, kuma tsakaninsu akwai iyaka da mutum ke ji a jikinshi lokaci ɗaya. A Turai ƙasan irin ramukan ga na zama wajen digiri 4 zuwa 6 ko da bazara. Namu ba za su kai haka ba don zafin ƙasarmu, amma bambancin na nan, kuma ruwa na zuƙe zafin jiki fiye da iska nesa ba kusa ba, mutum sai ya ji hannu ya ƙage ƙafa ta riƙe. In anka ce wai wani abu ne ya ja yaro ƙasa a kududdufi, ni ban musun gaibu, amma kafin a kai can a duba bakin ramin da ke tsaye, da sanyin da ke ƙasa, da taɓon da ke riƙe ƙafa, da santsin da ke hana mutum kamawa ya fito. Waɗannan kaɗai sun isa. Ruwan daɗi ma bai ɗaga mutum kamar na gishiri, don na teku ya fi shi nauyi da kusan kashi biyu da rabi cikin ɗari, shi ya sa mai nutso ke rage dalmar da yake ɗaurawa a ƙugu in ya baro teku ya zo rami.

Sai laka. Shekara da shekaru ƙura mai laushi na kwanciya a ƙasan ramin ba abin da ke motsa ta. Ruwan na iya zama garau kana hango mita goma gabanka, ka buga ƙafa sau ɗaya ba daidai ba, cikin daƙiƙa kaɗan ko tafin hannunka ba ka gani, tocila ma ba ta amfani. A buɗaɗɗen rami sai ka natsu ka hawo. Amma a cikin wancan duhun akwai abin da ma'aikata sunka bari, wayoyin ƙarfe, rodi, tsofaffin injina, shinge, a namu kuma ƙara da koma da ƙugiya da shara. Shi ya sa ba a nutso ba wuƙa, kuma ba a nutso mutum ɗaya, dole da abokin tafiya wanda zai ba ka iskarshi in taka ta tsaya.

Mafi haɗari duka shi ne mahaƙa mai lunguna, wadda rufi ke bisa kanka. A nan in abu ya lalace ba zancen hawowa, sai ka koma ta inda ka shigo. Masu wannan aikin horonsu daban ne, suna jan igiya tun daga bakin shiga, suna ɗaukar tocila uku, kuma iskarsu kashi uku suke raba ta, ɗaya na shiga, ɗaya na fita, ɗaya ba a taɓa shi sai ta ɓaci. Katakon da anka tokare rufin da shi ya shekara hamsin cikin ruwa, kumfar numfashinka kaɗai na iya zubo da ƙasa daga sama. In ka tarar da wani ɗan sarari mai iska a ciki kada ka cire regileta ka shaƙa, don sau da yawa ba oksijin a wurin, irin iskar da ke kashe masu yasar rijiya ce. A 2018 da anka ceto yara 12 da kocinsu daga kogon Tham Luang na Tailan, wanda ya rasu a lokacin aikin, Saman Kunan, tsohon sojan ruwa ne na musamman, ba ɗan koyo ba. Ramin Dorothea na yankin Wales, da anka daina aiki cikinshi a 1970, zurfinshi ya haura mita 100 kuma ya ci masu nutso da dama, mafi yawa zurfin ne ya ja su sunka wuce iyakar horonsu.

Akwai kuma tambayar da ba a cika yi ba, shi ruwan kanshi mi ke cikinshi? Ramin dutse ko na dutsen siminti galibi ruwanshi da sauƙi. Ramin ƙarfe kuwa wani abu ne daban, don wasu duwatsun in sun haɗu da iska da ruwa tsami suke yi su narkar da guba. A Montana ta Amurka akwai ramin tagulla na Berkeley da anka kashe famfunanshi a 1982, a 1995 dinyoyi sama da 300 sunka sauka kan ruwan sunka mutu, a 2016 dubbai. Mu ba sai an ba mu labarin waje ba, a 2010 gubar dalma daga haƙar zinare ta kashe yara aƙalla 400 a Zamfara, wajen Anka da Bukkuyum, maƙwabtanmu na jini. Ramin zinare da ruwa ya cika ba wurin wanka ba ne, ba wurin shayar da dabba ba ne, balle nutso, komai kyawun ruwan a ido. Ga kuma tsargiya, da ake ɗauka a ruwan daɗi mai katantanwa, tsutsar ta fata take shiga, yaro ya fara fitsarin jini a ce wai balaga ce. Mai sikila, mai farfaɗiya, mai asma mai tsanani, duk sai likita ya duba su, kuma galibi hana su ake yi. A zafin Sakkwato na watan Afrilu da ke haura digiri 40, shiga ruwa da ƙishirwa a jiki ma na ƙara haɗarin ciwon kumfar nan.

Duk da haka ni ina cikin masu ganin muna bukatar wannan ilimin, kuma ba don yawon buɗe ido ba. Muna da Rima, muna da madatsar Goronyo, ga Bakolori kusa, ga tafkin Kware, kuma ba mu manta kifewar kwale-kwale a Shagari a 2022 ba. Duk sanda irin haka ta faru masunta ne ke faɗawa ruwa da numfashinsu kawai suna lalube, Allah Ya saka musu da alheri, amma mutum mai riƙe numfashi minti ɗaya ko biyu gare shi a ƙasa. Ƙaramar tawaga ta 'yan kwana-kwana da 'ya'yan masunta, a horar da su yadda ya kamata da hannun sarakunan ruwa a ciki, za ta yi aikin da ya fi haka, har da duba ƙofofin dam. Kuma wurin horo mafi dacewa shi ne irin ramin nan, wanda anka auna zurfinshi, anka gwada ruwanshi a ɗakin gwaji, anka kwashe ƙarafan ciki, anka yi mishi matakala da shinge da mai gadi. Abin da ya raba Stoney Cove da kududdufin bayan gari ke nan, ba wai ruwan Turawa ya fi namu hankali ba.

Amma kafin a sayi silinda ko ɗaya, a fara amsa tambayar magani. Wanda ciwon kumfa ya kama, taimakon farko shi ne a kwantar da shi, a ba shi oksijin zalla ya shaƙa, in yana cikin hayyacinshi a ba shi ruwa, kuma kada a maida shi cikin ruwa da sunan gyara. Ainihin maganin wani ɗaki ne na ƙarfe da ake sa mutum ciki a ƙara matsin iska har kumfar ta narke, sannan a sassauta a hankali cikin awanni. Duk wanda zai buɗe wurin nutso a Arewa dole ya san inda irin ɗakin ga yake mafi kusa, awa nawa za a yi a mota kafin a kai, da wanda zai ɗaga waya in an kira da tsakar dare, kuma silindar oksijin ta kasance a bakin ramin tun kafin mutum na farko ya shiga.